Ƙirgau da Nodonodo

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa, har sunan maƙwabcina wani lokaci sai na yi ta lalube, amma ban taɓa mantawa da ranar da aka tsayar da Ɗanjuma a gaban Gobara saboda kalma guda ba, wai ita nodonodo. Tun da kun gayyato ni walimar buɗe ɗakin kwamfutocinku, kuka kuma ce tsoho ya ce wani abu, to ku gyara zama. Kai mai jar hula, ajiye kwalbar nan, ba gudu za ta yi ba.

A tsakiyar shekarun hamsin ne. Muna da ɗan ƙaramin ɗakin haɗa waya a cikin birni, wajen Shahuci, wanda ke haɗa ofisoshin cikin ganuwa da asibiti da babban gidan waya na waje. Ku da kuke danna lamba ta tafi da kanta ba za ku gane ba. A lokacinmu mutum ne ke zaune gaban wani allo mai ramuka, da abin ji a kunnensa, da igiyoyi masu kan tagulla a gabansa. Mai kira ya juya hannun wayarsa, ɗan murfin lambarsa ya faɗo a allon, ka ce, "Wa kake so?" Ya faɗa, ka ɗauki igiya ka soka a ramin wancan. Ka soka daidai, ba mai gode maka. Ka yi kuskure ka haɗa alƙali da mayanka, ranar nan ka ji sunan kakanka. Dokokinmu manya biyu ne: kada ka saurari maganar mutane, kada kuma ka yi kiran kanka a layin hukuma.

Ni ne shugaban masu haɗa waya a ɗakin. Sama da ni akwai Turawa biyu, kuma kamar yadda aka saba, ba mu damu da sunayen da iyayensu suka raɗa musu ba. Babban muna ce masa Gobara, don da ya ji abin da bai yi masa ba sai fuskar ta yi ja, ta kama har kunnuwa. Hausarsa 'yar kaɗan ce, irin wadda ta fi rashin ji haɗari.

Na biyun injiniya ne, mai kula da layuka, shi ne Ƙirgau. Dogo ne siriri, wandonsa kullum ya yi masa kaɗan. Duk abin da ya gani sai ya ƙirga: awaki a bakin ƙofa, azarar rufin ɗaki, har atishawar mutum. An ce lokacin babban yaƙi bai taɓa riƙe bindiga ba. A wani gida aka tara su a ƙasarsu, suna kwance saƙonnin asirin abokan gaba. An ce ne fa, domin shi in ka tambaye shi sai ya dubi sama ya ce yau kamar za a yi ruwa. A bayan ɗakinmu ya tara tsofaffin ƙarafan allon waya, waɗannan masu yin ɗas-ɗas, ya haɗa wata aba mai fitilu. In ka ba ta lamba biyu sai ta yi ta ɗas-ɗas, ta haɗa maka su. Muna ce mata aljanar Ƙirgau. Ya taɓa ce mini malaminsa na lokacin yaƙi ya yi imani wata rana inji zai yi magana da kai ta waya, ka kasa gane ko mutum ne. Na ce, "To zai tambaye ni iyali?" Ya kama ƙirga azara, kamar na kawo masa babbar mas'ala.

Sai Baba Maina, sarkin masinjoji. Tsohon saje ne, asalinsu mutanen Barno, amma a Soron Ɗinki aka haifi har ubansa. Mutum ne mai kwarjini, ba ya dariya a bakin aiki, kullum yana tsaye ƙyam a ƙofar ofishin Gobara. Kuma Allah ya yi masa hanci. Ba dogon nan da mata ke yabo ba, a'a, faffaɗa ne, ginanne, irin wanda ke riga mai shi shiga ɗaki. Ba wanda ya taɓa ambatar hancin nan a gabansa, ko da wasa.

Ɗanjuma kuwa yaron Gwammaja ne, mafi saurin hannu cikin yarana, ga ladabi. Shi ke auren Falmata, 'yar Baba Maina. Ku dubi wannan jarrabawa: kullum ka zo aiki surukinka na tsaye a ƙofa. In Ɗanjuma ya hango shi, tun daga nesa yake tuɓe takalmi ya durƙusa, ya gaida ƙasa, ya bi ta jikin bango ya shige. Shekara guda suna aiki wuri ɗaya, ban taɓa ganin sun haɗa ido ba.

Da damina ta kama, Falmata ta haihu, ɗan fari, namiji. Tana gidan iyayenta wajen wanka. Bayan suna da 'yan kwanaki yaron ya kamu da tari da zazzaɓi, har aka kwantar da su asibitin cikin birni, kakarsa na jinya. Ku 'yan yanzu da kuke saɓa ɗan fari a kafaɗa ku shiga kasuwa da shi, ba ku san abin da ake kira kunya ba. A zamaninmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya ɗaukarsa, ba ya tambayar lafiyarsa a gaban manya. Ya je asibiti ya tarar da surukarsa a bakin gado? Haba! Ai sai a yi ta labarinsa har Dala. Muna ganin Ɗanjuma yana ramewa, idanu sun faɗa, amma in ka ce masa, "Yaya mai jiki?" sai ya ce, "Wa?"

Wata Talata da hantsi, bayan an kwana ana ruwa, Gobara ya ɗauki wayarsa zai kira waje. Da damina in layuka suka jiƙe sukan taɓa juna, maganar wani ta zubo cikin ta wani. Sai ya ji murya biyu suna zuba kamar ana suyar gyaɗa: "Yadafidilada ladau... yada shada nodonodo... dada ƙidisadau..." Ya gane ɗaya muryar ta Ɗanjuma ce.

Lokacin siyasa ta yi zafi a gari, jam'iyyu na ta taro, ana raɗe-raɗin yajin aiki, Turawa kuwa ko kyanwa ta yi tari sai su ce shiri ne. Gobara bai ce wa kowa komai ba. Ya sa Ƙirgau ya jona rikoda mai zare a layin asibiti. Da aka tara hirar safiya da yawa, ya kira ni ofis, ya rufe ƙofa, ya kunna.

Ina ji na yi dariya. Na ce, "Ranka ya daɗe, ai zaurance ne. Wasan yara ne da 'yan mata. Bayan kowace gaɓa sai a cusa da, ko di, ko do, don kada babba ya gane."

Ya ce, "Madalla. Fassara."

Na gyara tsayuwa ina jin kaina. Aka rage gudun zaren, na shiga cire da da di ɗin nan ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya rage sai ya fito: yafila, roya, kiji, rita, maka, ƙisau. Na maimaita, na sake maimaitawa. Wallahi ba Hausa ba ce, ba Barbarci ba, ba Fillanci ba. Gumi ya karyo mini. Jimla ɗaya tak ta fito sarai, ita ce, "Ya sha nono?"

Gobara ya buga tebur. Ya ce maka ai duka ne, ya sani, kukunsa na faɗa. Ƙisau kuwa kisa ne. Shan nono kuma rantsuwa ce, a wata ƙasa da ya yi aiki haka 'yan tawaye suke yi, su sha abu a ƙwarya ɗaya kafin su tashi. Wato kullum safe Ɗanjuma na tambaya ko sabon mutum ya sha rantsuwa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ƙisau da ƙa ne, kisa da ka."

Ya ce shi duk ɗaya yake ji.

Ni dai da jin "ya sha nono" na san inda aka dosa. Na gaya masa yaron nan ɗansa ne ba lafiya a asibiti, kuma yana da amini a can, Bala, malamin ba da magani, tun suna makarantar allo tare. Gobara ya dube ni kamar na ce masa jaki ya haifi kaza. Ya ce wane uba ne a duniya zai ɓoye tambayar ɗansa? Ya ce a kira Ɗanjuma.

Wa ke kiran mutum zuwa ofis? Sarkin masinjoji. Baba Maina ya shigo da shi, ya koma ya tsaya a ƙofa, ƙofar kuma a buɗe.

Gobara ya ce, "Kana da ɗa?"

Ɗanjuma ya dubi ƙasa. Ya ce, "An dai ce an haihu a gidansu."

"Gidan su wa?"

"Gidan... manya."

"Kai ne kake tambaya ko ya sha nono?"

"Ni, ranka ya daɗe? Ina ruwana da nonon wani?"

Na ji kamar in kwaɗa masa mari. Ga rijiya ana miƙa masa igiya, yana cewa shi ba ya jin ƙishirwa. Gobara ya juyo ya dube ni, fuska ta kama. Ya ce an dakatar da Ɗanjuma daga yau. In ƙarshen wata ya zo ba a san abin da ke cikin zaren nan ba, kora ce, kuma zaren zai tafi hannun 'yan sanda tare da mai muryar. Aka aika a nemo Bala, aka ce ya fita rangadin yi wa mutane lambar rigakafi a ƙauyuka, ba ranar dawowa.

Da la'asar na bi Ɗanjuma har Gwammaja. Na same shi a zaure ya haɗa kai da gwiwa. Na ce, "Kai, don Allah wane irin taurin kai ne wannan? Gaya mini yadda kuke murɗa maganar, in je in fassara wa mutumin nan shi kaɗai, ka koma bakin aikinka."

Ya ce, "Malam Inuwa, ba zai yarda ba sai an karanta duka. Kuma akwai magana a ciki wadda in ta fito, ba aiki kaɗai zan rasa ba. Gara a kore ni."

"Ka zagi hukuma ne?"

"Da hukuma ce ai da sauƙi."

Na yi lallashi, na yi faɗa, na kawo masa zancen yaron da ke kwance da abin da za su ci in aiki ya tafi. Idanunsa suka kawo ruwa, amma ya kafe a kan bakansa. Na tashi raina a ɓace, tausayinsa kuma ya cika ni, don na san tun da aka dakatar da shi ba shi da sauran hanyar jin ko yaron ya kwana.

Washegari Ƙirgau ya leƙo ɗakin allo ya yafito ni. Ya kai ni bayan ɗaki wajen aljanarsa, ya share bango ɗaya tas, ya ɗauko alli. Mutumin da ban taɓa ganin haƙorinsa ba, ranar nan fuskarsa kamar an ba yaro kayan sallah. Da Turanci muke magana, don Hausarsa ba ta wuce sannu da ruwa ba. Ya ce kada in gaya masa ma'anar komai tukuna, in rubuta masa sautin kawai, hirar kowace safiya a layinta, wata ƙarƙashin wata.

Muka cika bango. Ya tsaya yana kallo yana cizon alli har leɓensa ya yi fari. Can ya ce, "Malam Inuwa, in Bahaushe biyu suka haɗu da safe, me suke fara cewa?"

Na ce, "Gaisuwa mana."

"Kullum?"

"Ko gidan mutum na cin wuta, sai an tambaye shi kwana."

Ya ce in gaishe shi, in amsa wa kaina, a hankali. Na fara: ina kwana, lafiya lau, ina gajiya, ba gajiya, yaya gida, lafiya lau, yaya jiki, da sauƙi. Ina cikin yi ya ɗaga hannu. Ya ce wace kalma ce ta fi dawowa? Na ce lafiya. Ya je bango ya zagaye yafila a farkon kowane layi, ga ta nan birjik, kuma kusan duk inda take lau na biye da ita. Ya rubuta la-fi-ya a sama, ya-fi-la a ƙasa, ya ja kibiya daga ƙarshe zuwa farko.

Jama'a, na ji kunya. Ni da aka haifa a Kano, ni da na yi zaurance har aka taɓa fasa mini baki a kansa, Bature ne ya nuna mini cewa yaran nan juya kalma suke yi tukuna, sannan su zuba mata da da di. Ya ce abin da ya fara ba shi haske nono ne. Don me ita kaɗai ta fito lafiya cikin manyan kalmomi? Don ko ka juya ta, nono ce. Ƙananan kuwa, irin ya da sha, ba su da abin juyawa.

Daga nan sai bango ya buɗe baki. Roya yaro ne. Kiji jiki. Rita tari. Maka kama. Ƙisau ɗin da za a kai mutum gidan yari dominsa, sauƙi ne. Ina karantawa ina fassara masa: Yaya jikin yaro? Da sauƙi. Ya sha nono? Ya sha. Ya yi tari da dare? Kaɗan. Ya buɗe ido? Ya buɗe. Kullum tambayoyin ke nan, safiya bayan safiya. 

Ƙirgau ya ce haka suka yi wa abokan gaba. Wai masu injin asiri mafi tsada a duniya ne, amma kowane saƙon safe sai sun buɗe shi da kalmomi iri ɗaya. Ya ce, "Ku Hausawa ba za ku taɓa riƙe asiri a waya ba. Gaisuwarku ta yi tsawo." Sai ya kama bakinsa, ya dubi sama, ya ce kamar za a yi ruwa. Wannan ne karo na farko da na ƙarshe da na ji ya taɓo aikin da ya yi a yaƙi.

Muna cikin murna muka iso layi na kusa da ƙarshe, ranar da zazzaɓin ya sauka. Na karanta, na tsaya, na sake karantawa. Na zauna a kan akwatin batir. Ɗanjuma ya tambaya da wa yaron ya yi kama. Bala ya ce ya ɗauko cidinhadan badabada. Ɗanjuma ya ce, "Kadadudu?" Bala ya ce, "Kadadudu."

Ƙirgau ya ce mene ne? Na ce, "Hancin Baba. Ya tambaya, duka? Aka ce masa, duka. Sai Ɗanjuma ya ce Allah ya ba yaron wuyan ɗauka."

Ya ce, "Wane Baba?"

Na nuna masa ƙofa da haɓa. Ya leƙa, ya ga Baba Maina a tsaye ta gefe, rana ta fitar da inuwarsa a bango. Ya dawo ya rufe bakinsa da hannu biyu, kafaɗunsa na rawa. Da ya lafa na yi masa bayanin suruki da kunya iyakar iyawata. Bai yi mini gardama irin ta Gobara ba. Ya ce ya san yadda mutum ke zama da magana a ciki, a zarge shi, ba shi da ikon cewa ga abin da na yi. Ya ce malaminsa ɗin nan, mai zancen inji mai tunani, bai daɗe da rasuwa ba, kuma har ya mutu mutanen titinsu ba su san abin da ya yi musu ba. Ya ɗauki tsumma ya goge layin hancin daga bango. Ya ce zai ce zaren ya lalace a wurin.

Ranar Jumma'a da safe aka zauna. Aka shigo da allon rubutu ofishin Gobara, aka kawo rikoda, aka kira Ɗanjuma. Sai Gobara ya ce shi bai yarda da fassarata ba, tun da Ɗanjuma yarona ne. Yana son kunnen Bahaushe na biyu, wanda ba ya ƙarya, wanda ya yi wa Sarkin Ingila yaƙi. Ya ɗaga murya ya ce, "Saje Maina! Shigo ciki."

Na dubi Ƙirgau, Ƙirgau ya dubi azara. Ɗanjuma kuwa ya zame daga tsaye ya durƙusa, kamar an zare masa ƙashi.

To ga inda gwaninta ta yi mana illa. Ƙirgau ya iya koyarwa. Ya rubuta a allo, ya ja kibiya, ya nuna yadda ake cirewa da yadda ake juyawa, a hankali, har Gobara da kansa ya kwance yadafidilada ya ce, "Lafiya!" yana waige-waige a yaba masa. Aka bi zaren layi-layi. Ina fassarawa, Gobara na duban Baba Maina, Baba Maina na cewa, "Haka ne, ranka ya daɗe." Ya sha nono? Ya yi tari? Ya buɗe ido? Duk tambayar da aka karanta, Ɗanjuma sai ya ƙara nutsewa, har goshinsa ya kusa taɓa siminti. Fuskar Baba Maina kuwa ba ta motsa ba.

Da aka iso wurin, Ƙirgau ya miƙa hannu zai wuce da zaren, ya ce nan ruwa ya ɓata layin. Gobara ya riƙe hannunsa. Ya ce shi yana ji sarai, a maimaita. Rikoda ta ce, da muryar Bala, tas kamar yana cikin ɗakin: cidinhadan badabada.

Gobara ya ce, "Malam Inuwa?"

Na ce kunnena ya toshe tun jiya.

Ya juya ga Ƙirgau, Ƙirgau ya ce wannan zai ɗauki mako guda ana bincike.

Sai muka ji murya daga gefe, a hankali, irin ta mai haɗa baƙi. Baba Maina ne, ya ƙura wa allo ido, yana bin kibiyar da yatsa a iska. "Cin... han. Han... cin. Hancin." Ya ɗan tsaya. "Ba... ba."

Kowa ya sunkuyar da kai. Rikoda kuwa ba ta san kunya ba, ta ci gaba. Kadadudu? Kadadudu.

Baba Maina ya ce, "Du... ka." Ya saurari sauran har ƙarshe, har wuyan ɗauka, leɓensa na motsi. Ya ɗaga hannu a hankali ya shafa hancinsa tun daga sama har ƙasa, kamar mai duba ko yana nan.

Gobara ya ce, "Saje, mene ne? Siyasa ce?"

Baba Maina ya haɗa ƙafa, ya ƙame, ya sara masa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, babu siyasa a ciki. Maganar gado ce. Kuma gaskiya suka faɗa."

Gobara bai gane ba sai da Ƙirgau ya raɗa masa a kunne. Ya dubi Baba Maina, ya yi saurin kawar da ido, fuskar ta yi ja, amma wannan karon ba wuta ba ce. Ya shiga tari, ya ce kowa ya fita. Hukuncin da ya biyo baya gargaɗi ne a kan amfani da layin hukuma, da sharaɗin in aka sake jin nodonodo a waya, kora ce ba shawara. Ɗanjuma ya koma kujerarsa ranar Asabar.

Ya koma, amma kamar gawa. Aiki ya tsira, sai dai bai san matsayinsa a Soron Ɗinki ba, kuma an toshe masa hanya ɗaya tilo da yake jin labarin yaron. Yana soka igiya ba ya ɗaga kai. Muna nan da hantsi sai inuwa ta rufe ƙofa, hancin ya shigo, mai shi ya biyo baya. Baba Maina bai taɓa taka ɗakin allo ba sai ranar. Ɗanjuma ya nemi shigewa ƙarƙashin tebur da abin ji a kunnensa.

Baba Maina bai dube shi ba. Ya zo gabana ya tsaya, ya ɗaga murya kamar ina can ƙofar Mata. Ya ce, "Malam Inuwa, ina kwana?"

Na ce, "Lafiya lau, Baba."

Ya ce, "Na ce bari in gaya maka, tun da kai mai tambaya ne. Yaron nan na gidana an sallamo shi jiya. Ya sha nono. Bai yi tari ba. Ya yi barci har asuba." Ya juya zai fita, ya tsaya a bakin ƙofa. "Wuyan kuma, alhamdu lillahi, yana ƙwari."

Ni ban taɓa tambayarsa yaron ba ko sau ɗaya. Na waiga na ga Ɗanjuma ya juya wa ɗaki baya, ya kifa goshi a jikin allo, murfi uku sun faɗo suna jira, bai gan su ba. Na tashi na amsa masa su.

Haka Baba Maina ya riƙa yi kowace safiya har Falmata ta koma ɗakinta. Wata rana Ƙirgau na wurin, ya tambaye ni don me tsohon nan ke kawo mini rahoton jaririn da ba nawa ba. Na gaya masa. Ya daɗe yana cizon alli. Ya ce shi duk asirin da ya sani, maganar ake ɓoyewa a bar sunan mai karɓa a fili. Wannan kuwa an bar maganar a fili, kowa na ji, an ɓoye mai karɓa. Ya dubi aljanarsa tana ɗas-ɗas a lungu, ya ce da sauranta tukuna.

Abin da na koya ke nan a aikin waya, kuma shi zan bar muku. Ƙirgau ya yi gaskiya, injunan sun zo, ga su nan an jera muku, an ce abin da ya ci mana bango guda za su kwance shi kafin ƙiftawar ido. Ku koye su da kyau. Amma duk abin da ya bi ta kan waya, akwai mutum a wancan kan da abin ya dama, kuma sau da yawa abin da ya fi damunsa shi ne wanda ya fi murɗawa. In kun kwance magana, ku tsaya ku duba ta wa ce kafin ku karanta da ƙarfi.

Na ga wasunku na murmushi, kuna cewa tsoho ya ƙara gishiri. To ba sai na rantse ba, shaidata na nan zaune a babban tebur. Wanda ya sa hannu aka sayo muku kwamfutocin nan, babban injiniyanku, Alhaji Musa Ɗanjuma, ga shi can yana neman ɓoye fuska a bayan takarda. Alhaji, sauke takardar nan, ba za ta rufe ba. Ku dube shi da kyau, ta gefe.

Kadadudu.